Ƙarfe, Yumɓu da Takalmin Auta: Tafiyata Daga Kano Zuwa Bida

Ɗaurin auren ɗan wani amininmu ne ya ɗauke mu daga Kano zuwa Bida a tsakiyar hunturu. Mu huɗu ne a motar: ni, da ƙanwata, da autanta ɗan shekara 6, sai ɗan yayana da ke karatun kwamfuta a jami'a, wanda shi ke jan mu. Niyyarmu mu kama hanya da an idar da sallar asuba, amma har rana ta ɓullo muna tsakar gida saboda takalmi. Auta yaro ne da magana ta yi wa nauyi, kalmominsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma ba ya yarda komai ya rufe masa ƙafa. Uwarsa ta lallashe shi, ta yi masa tsawa, da abin ya ishe ta ta cire silifas ta zuba masa biyu a cinya. Ya yi kuka har ya shiɗe, takalmi bai shiga ba. Haka aka ɗauke shi aka sa a mota, takalman suna cikin leda.

Har muka wuce Kura ban ce uffan ba, don kunya ce ta rufe ni. Shekarata 19 ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a wata kwalejin horar da malamai, kuma cikin darussan da nake maimaitawa kowace shekara akwai wata hanya ta koya wa yaro abin da bai taɓa yi ba, ba tare da an taɓa lafiyar jikinsa ba. Turawa sun raɗa mata suna da kalmar da suke amfani da ita wajen ba kowane abu siffa, ko yumɓu ne, ko ƙarfe, ko icce. Mu kuwa Hausa ta rarraba: tukunya gina ta ake yi, fartanya ƙera ta ake yi, turmi sassaƙa shi ake yi, doki da yaro kuma horo ake musu. Duk shekara sai wani ɗalibi ya tambaye ni sunan abin da Hausa, in ce masa horo daki-daki, mu wuce. Ga shi yau an doki ɗan ƙanwata a gabana kan abin da nake cin abinci da koyar da maganinsa.

A Kaduna muka ratse Panteka, saboda an ba mu saƙon wani ƙarfen injin markaɗe da ake so a share masa fuska a yanka masa kwari. Wanda bai taɓa shiga Panteka ba ya shirya kunnensa. Ta ko'ina bugu ne da walƙiyar walda, ga masu narka alminiyom suna zuba shi a cikin yashin da aka danna da siffar tukunya. Wani dattijo ne ya karɓi aikinmu, ya ɗaure ƙarfen a kan wani tsohon inji da ban taɓa tsayawa na kalli irinsa ba. Dogon hannu gare shi mai kai da komo, a bakinsa an ɗaura 'yar wuƙa guda ɗaya tak. In ya tafi gaba sai ya feƙe siririn ƙarfe ya nannaɗe ya faɗi, in zai dawo sai ya dawo da sauri ba ya yankan komai, teburin kuma ya ɗan gusa gefe kaɗan, hannun ya sake tafiya. Irin wannan inji ana danganta ƙirƙirarsa ga James Nasmyth, ɗan Sikotlan, a 1836, kuma sunansa a Turance daga waccan kalmar ta ba da siffa aka ciro shi. Manyan masana'antu sun daɗe da komawa ga injuna masu juya wuƙaƙe da yawa, amma a ƙananan wuraren aiki har yau yana ci da mutane.

Na ga aikin yana jan lokaci, na ce, "Baba, ba a ƙara masa ci ya yi sauri?"

Bai ɗago ba ya ce, "Malam, ƙarfe ba ya son haɗama. In na ba shi babbar loma, ko wuƙar ta karye ko aikin ya goce. Kuma abin da na cire ba ya komawa."

Da muka hau hanyar Abuja intanet ɗin wayata ya riƙa jan ƙafa, sai ɗan yayana ya ce, "Baffa, mu ma fa muna da kalmar nan ta ba da siffa a fanninmu." Ya ce kamfanonin sadarwa sukan jera bayanan da ke bin layi su riƙa sakin su da awo, kamar tanki mai ƙaramin famfo, don kada mai sauke fim ya toshe wa mai kiran waya hanya. Ban ja zancen ba, domin ƙanwata ce ta yi magana daga baya, muryarta a dushe. Ta ce, "Yaya, kai da kake koyar da waɗannan abubuwa, ka faɗa min yadda zan yi da yaron nan. Na gaji da dukansa, shi ma ya gaji."

Tsakanin Kateri da mararrabar Jere na ba ta labarin tattabarar Skinner. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, B. F. Skinner, malamin jami'a a Amurka, yana aiki a saman benen wani kamfanin niƙa fulawa a birnin Minneapolis. Aikin soja ne, ana so a horar da tattabaru su riƙa saita makami da saran bakinsu, kodayake daga baya sojojin sun yi watsi da shirin. Wata rana shi da abokan aikinsa biyu, Keller Breland da Norman Guttman, suka so su koya wa wata tattabara ta doki ƙwallon katako da baki ya gangara. Suka ajiye ƙwallo, suka riƙe maɓallin sakin hatsi, suna jiran ta doka su ba ta lada. Tattabara ba ta doka ba, don ba abin da ya haɗa ta da ƙwallo. Da jira ya ishe su sai suka sauya dabara. Ta kalli wajen ƙwallon, suka saki hatsi. Da kallon ya yawaita, suka daina biyan kallo sai ta matsa kusa. Daga nan sai ta kai baki, daga nan sai ta taɓa da ɗan ƙarfi. Cikin 'yan mintoci tana dukan ƙwallo yana karo da bangon akwatin. Abin ya ba Skinner kansa mamaki, ya ci gaba da ambaton wannan rana har tsufansa.

Na ce mata sharuɗɗan ba su da yawa, kiyaye su ne da wuya. Ki san inda kike so a kai. Ki ba da lada a kan abin da ya fi kusa da shi cikin abubuwan da yaron yake yi da kansa yau, kuma ladan ya zo nan take, kafin ya yi wani motsin. In matakin ya zauna, ki ɗaga kaɗan. Na ƙara mata da cewa a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya, ƙungiyar APOPO da irin wannan horo take koya wa gafiya shinshino nakiyar da aka binne da kuma cutar tarin fuka a cikin kaki, ladanta ɗan ayaba.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, ɗana ne fa. Ba tattabara ba ne, ba gafiya ba ne."

Maganar ta soke ni, kuma tana da gaskiya. Na ce mata ta tuna makarantar allo da muka yi tare: ba wanda aka miƙa wa izu ranar farko, sai da muka yi babbaƙu, muka yi farfaru, kafin a ce mu haɗa. Kuma malamai sun karantar da mu cewa giya ma ba a rana ɗaya aka haramta ta ba. Bin abu sannu a hankali ba baƙonmu ba ne. Abin da mutanen nan suka ƙara shi ne lura da lokacin da lada ke sauka da girman takun da ake nema.

A Suleja muka kwana, gidan wani ɗan'uwa. Bayan isha'i na shimfiɗa tabarma, na ajiye takalman can gefe, na yayyanka dabino ƙanana ƙanana, don na san Auta ba ya wasa da dabino. Ban kira shi ba, ban nuna masa komai ba. Yana ta kewaye ɗakin, can idonsa ya faɗa kan takalman, na ce "Yauwa!" na sa masa dabino a baki. Ya dube ni. Ya sake kallon takalman, na sake. Kafin minti 10 ya kai ga dungurinsu da babban yatsan ƙafa, yana dariya. Nan na tattara na ajiye. Uwarsa ta ce, "Shi ke nan? Bai fa sa ba." Na ce gobe ma rana ce, gara a tashi yana marmari.

Suleja ita ce Abuja ta asali, garin da Hausawan Zazzau suka kafa bayan jihadi ya taso su daga Zariya. Da sabon babban birni ya karɓi sunan, sai aka sa mata Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A fadar wannan sarki ne Baturen Ingila Michael Cardew ya ga wasu randuna da suka tsaya masa a rai, aikin wata mace Bagwariya daga Kwali. Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, kuma a 1954 matar nan, Ladi Kwali, ta zama mace ta farko da ta shiga. Wajen wata 'yar'uwar iyayenta ta koyi sana'ar tun tana yarinya. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984, kuma ita ce a bayan takardar naira 20 tana aikin tukunya. Mutane da yawa sun kashe dubban irin takardar ba su taɓa tambayar wace ce ba.

Da safe mai masaukinmu ya kai mu wani ƙauyen Gbagyi da ke kusa, inda mata ke gini irin na kaka da kakanni. A nan na fi daɗewa, kuma a nan na sami abin da ya fi kuɗin man da muka ƙona. Wata tsohuwa ta ɗora curin yumɓu a kan wani kasko, ta luma dunƙulen hannu a tsakiyarsa, ta shiga jan gefen sama tana zagaya shi da baya da baya. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, maginiyar ce ke juyawa. In yumɓun ya ƙare sai ta murza wani kamar igiya ta ɗora a baki, hannu ɗaya a ciki yana tarewa, ɗaya a waje yana shafewa, har tabon haɗin ya ɓace. Da ta kai wajen ciki, inda randa ke buɗewa, sai ta tsaya, ta ja ta inuwa, ta koma kan wata da ta fara tun jiya.

Na ce, "Mama, me ya sa ba ki ƙarasa waccan ba?"

Ta ce, "Sai ta sha iska. In na ɗora mata kafaɗa yanzu, gindin bai yi ƙwari ba, zama za ta yi. In kuma na bar ta ta bushe ƙarau, sabon ba zai kama tsohon ba."

Wannan shi ne abin da nake cika allo da rubutu ina son ɗalibaina su gane, kada a ɗaga mataki da wuri, kada kuma a daɗe a kansa har ya daskare. A kan katangar gidan na hangi wani ɗan kasko karkatacce, bakinsa kamar an cije shi, amma an gasa shi, har da baƙin makuba a jikinsa, an zuba gishiri a ciki. Ta ce na jikarta ne, shi ne na farko da ta yi. "Na farko ba a fasa shi, Malam. In ka fasa na farko ba za ta kawo na biyu ba." Bana kuwa, in ji ta, yarinyar ta kawo wani mai kaurin gindi, ta mayar mata da shi cikin yumɓu, don yanzu ta wuce nan.

Skinner da kansa, a littafinsa na 1953, ya kamanta wannan horo da yadda mai gini ke sarrafa curin yumɓu, inda ba za ka iya nuna lokacin da siffar ta fara ba. A tsakar gidan tsohuwar na ga inda kamancen ya tsaya. Yumɓu ba ya motsi sai an motsa shi. Jikar tata kuwa, da Auta, da tattabarar can, ba hannun da ya kama su ya lanƙwasa. Su suka yi motsin da kansu, mai horon ya zaɓi wanda zai yi wa maraba. Saboda haka ni a ganina Hausa ta yi daidai da ta ƙi haɗa gini da horo a kalma ɗaya. Mai gini aikinsa a hannu yake, mai horo aikinsa a ido da haƙuri.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a faɗa. Randunan da Ladi Kwali ta gina a cibiyar Cardew an shafa musu ruwan gilashi an gasa su da wuta mai tsanani, suka yi kyan da ya kai su gidajen tarihi na Turai, amma suka yi nauyi, kuma ba sa tsattsafo, alhali tsattsafon nan shi ke sanyaya ruwan randa. Wanda ke riƙe da aikin shi ke zaɓar inda za a kai shi. Haka horon nan yake, ba ya tambayar ko inda ake so a kai alheri ne. Da irin wannan lada ƙanana masu zuwa nan take injunan caca da wasu manhajojin waya ke riƙe manya da yara. Uwa ta fi kowa cancantar sanin dabarar, tunda wasu suna amfani da ita a kan ɗanta ba da izininta ba.

Hanyar Lambata zuwa Bida ta Lapai da Agaie ta gwada mana haƙuri, ramuka da jerin manyan motoci da ƙura. A Lapai muka tsaya salla, a nan kuma na yi kuskuren da tsohuwar ta gama yi min gargaɗi a kansa. Na ga Auta ya fara zura yatsunsa cikin takalmin, zumuɗi ya ɗebe ni, na riƙe dabinon na ce sai ya tura har diddige. Ya gwada sau biyu bai samu komai ba, ya ɗauki takalmin ya wurga ƙarƙashin mota, ya kwanta a ƙasa. Dole na koma baya, na biya shi a kan taɓawa kawai, har ya huce. Da ya huce kuma sai ya gano wata hanya: ya zura yatsu, ya zare, ya miƙo hannu, ya sake zurawa, ya zare. Ɗan yayana ya ce an karantar da su irin wannan. A 1998 wasu masu bincike biyu a Denmak sun koya wa kwamfuta tuƙa keken da aka zana a cikinta, suna ba ta maki duk lokacin da ta matsa kusa da inda ake so ta je, ba sa cire mata komai in ta yi nisa. Sai ta koyi zagaye a wuri ɗaya tana tara maki. Laifin na mai rabon ladan ne. Daga nan na daina biya sai ƙafar ta wuce inda ta tsaya a baya, ko da kaurin tsinke ne.

Mun shiga Bida da la'asar sakaliya. Garin Etsu Nupe gari ne na masu aikin hannu, har UNESCO ta sa shi cikin biranen fasahar gargajiya a 2021. Washegari kafin ɗaurin aure muka leƙa Masaga, inda ake narka kwalabe a yi duwatsun wuya da awarwaro, sannan muka zauna a Tswata Mukun wajen maƙeran tagulla, don ƙanwata tana son tire. Wani magidanci yana bugun faifan tagulla a kan uwar maƙera, yana juya shi da yatsu, bugu na bin bugu har gefen ya fara tashi. Can sai ya ajiye masaba, ya kama faifan da awartaki ya mayar wuta, yaronsa yana zuga. Na tambaye shi dalili, tunda ba narka shi zai yi ba. Ya ce tagulla in ta sha bugu taurarewa take yi, in ka ci gaba sai ta tsage, wuta ce ke dawo mata da laushi. Ƙanwata tana tsaye tana ji. Ban dube ta ba, ita ma ba ta dube ni ba.

Masu cewa yaro sai da bulala kamar yadda ƙarfe sai da masaba, ina roƙonsu su je su zauna a maƙera na awa ɗaya. Duka yana iya tsayar da yaro daga abin da yake yi a gabanka, na yarda. Amma ban taɓa ganin ya koya wa yaro abin da bai iya ba. Silifas ɗin safiyar tafiyarmu bai nuna wa Auta inda diddige ke shiga ba, abin da ya koya masa shi ne ganin takalmi alamar zafi ce.

Ba zan kuma yaudari iyaye in ce dabarar tana iya komai ba. Keller Breland ɗin nan da matarsa Marian sun horar da dubban dabbobi da ita, amma a 1961 suka rubuta cewa sun koya wa aladu ɗaukar kuɗin katako su jefa a asusu, bayan wani lokaci aladun suka koma yar da kuɗin suna tura su da hanci a ƙasa, ko da hakan na jinkirta musu abinci. Halitta tana da nata. Maganar Auta tana nan inda take, kuma ganin likitan da aka rubuta musu yana nan, dabino bai ɗauke shi ba.

A Bida dabinonmu ya ƙare, muka koma ƙuli-ƙulin Nufawa, kuma uwarsa ce ta karɓi aikin daga hannuna. Wajen ɗaurin aure an je da shi a kafaɗa, ƙafa ba takalmi. Ranar da za mu juyo, bayan asuba, ina ɗaure kaya a bayan mota na ji ta ce "Yauwa!" da wata murya da na daɗe ban ji daga bakinta ba. Na leƙa, yana zaune a dokin ƙofa, ƙafafunsa biyu a ciki har diddige, tana ɗaura masa maɗauri. Ya bar su a ƙafarsa har Zariya, a nan ya cire, ta ce a ƙyale shi. Mun shiga Kano bayan magariba. Jiya ta kira ni ta ce yanzu yana sawa da kansa duk safiya ba a ba shi komai, saura maɗaurin, shi suka fara a wannan makon.